Muhawara: Ɗan wasa ya rasu fim bai ƙare ba, za a iya dawo da shi da kwamfuta?

Hajiya Mai Shiri (Yantala):
Salamu alaikum ƴan zaure. Ga wata magana da ya kamata mu tsayar tun ba ta same mu ba. A ce ana ɗaukar shiri mai dogon zango nan Yamai, kashi 20. An gama 16, sai Allah ya yi wa babban ɗan wasan rasuwa, saura fitowa tara da shi a ciki. Abin da muka saba biyu ne: a kashe shi a labari, ko a kawo wani ya ci gaba da rawar a ba ƴan kallo haƙuri. Yanzu yara na cewa akwai ta uku, wai a sa wani ya yi wasan, a ɗora masa fuskar marigayi da muryarsa. Wa za a nemi izininsa? Me doka ta ce? Kuma kayan da muke da su za su iya? Metir lauyanmu, Malam, da masu montaj, wato masu haɗa hoton fim, ku taimaka mana.

Mai Montaj (Bukoki):
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da ta ƙarshe, don in aikin bai yiwuwa ba sai an wahalar da Metir ba.

Hanya biyu ce. Ta farko ta manyan kamfanoni ce: a gina kan mutum gaba ɗaya cikin kwamfuta, ƙashi, tsoka, fata, gashi ɗaiɗai. Haka aka yi wa Peter Cushing, ɗan Ingila da ya rasu a 1994, aka fito da shi a Rogue One a 2016. Wani ɗan wasa mai rai, Guy Henry, shi ya yi wasan da kyamara ɗaure a kansa tana bin ɗigo-ɗigon da aka yi masa a fuska. Kuma sun taki sa'a, akwai zubin fuskar Cushing da aka yi yana da rai saboda wani fim na 1984, shi suka auna. Wannan ku cire ta daga lissafi, aikin tarin ƙwararru ne na wata da watanni.

Ta biyu ita ce musanyar fuska, wadda yaran ke nufi. Ana tsinto fuskar marigayi daga bidiyonsa, hoto dubu uku zuwa dubu takwas, ta kowane gefe, cikin haske iri-iri, baki buɗe da rufe. A zauna a tsince su da hannu, a zubar da masu hazo da waɗanda hannu ko kofin shayi ya rufe. A tsinto ta mai madadi, wato wanda zai yi wasan a madadin marigayi, haka nan. Sai a bar na'ura ta yi ta kwatanta biyun, kwanaki ko makonni, har ta iya zana fuskar marigayi da motsin mai madadi. Ana son katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto, mai giga 12 aƙalla, 24 ya fi. Katin kaɗai yana jan wat 350 zuwa 450, ba dare ba rana, don haka sai da ondiler, na'urar da ke riƙe wuta in ta ɗauke, da ɗaki mai sanyi. A zafin Afirilu in ba kilim, katin zai rage gudu da kansa ko ya mutu. A saita shi yana ajiye aiki duk minti 15, in kuran ya ɗauke a ci gaba daga nan.

Yanzu lissafi. Hoto 25 ne a daƙiƙa, 1,500 a minti. Fitowa tara, kowace minti biyu, hoto 27,000 ke nan, kuma kowane sai ido ya bi ta kansa. Hajiya, wannan ba zai yi kyau ba. Minti biyu, hoto 3,000, shi ne abin da ƙaramin sitidiyo zai iya tsaftacewa.

Hajiya Mai Shiri:
To minti 18 ya koma biyu ta yaya, ƙanena?

Mai Montaj:
Da alƙalamin marubuci. Oliver Reed, ɗan wasan Ingila, ya rasu a Malta a 1999 ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin Gladiator. Sake rubuta labarin suka yi, suka kashe rawar tasa da wuri, suka ɗauki mai madadi ta baya da cikin inuwa, fuskar da aka ɗora kuwa wajen minti biyu ce kacal. Ku ma haka: a nuno shi ta ƙeya, daga nesa, da dare, ko a mayar da fitowar ta zama kiran waya. Fuska ta gaba sai inda babu makawa.

Kuma a zaɓi mai madadi da siffar kai, ba da kamannin fuska ba. Na'urar daga gira zuwa haɓa take canjawa. Kunne, wuya, faɗin muƙamuƙi da tafiya na mai madadi ne. In marigayi mai doguwar fuska ne aka kawo mai zagayayya, fuskar za ta yi ta iyo a tsakiya. Shi ya sa da ɗan wasan Amurka Paul Walker ya rasu a 2013 ana tsakiyar ɗaukar wani fim, ƙannensa biyu, Caleb da Cody, aka kawo suka tsaya masa har fim ɗin ya fito a 2015.

Metir (Filato):
Hajiya, barka da warhaka. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka izini guda ne. Haƙƙi uku ne ke kwance a kan juna, kuma ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba.

Akwai haƙƙin mai tsohon bidiyon. Hoto dubu takwas ɗin da Mai Montaj ya ambata daga fim ɗin wani za su fito. In daga kashi 16 ɗinki ne, naki ne. In an haɗa da finafinan da ya yi wa wasu, kwafe su zuwa cikin na'ura kwafi ne, sai da izinin furodusansu. A nan dokarmu a fili take: doka mai lamba 2010-95 ta 23 ga Disamba 2010, da yarjejeniyar Bangi ta OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta Afirka da Nijar ke ciki. BNDA, ofishin haƙƙin wallafa na Nijar, shi ne ke kula da wannan ɓangare.

Akwai haƙƙin ɗan wasa a kan wasan da ya yi. Kontra da ya sa wa hannu ta ba ki damar nuna wasan da ya yi a gaban kyamararki. Ba ta ba ki damar ƙera wasan da bai yi ba, sai in an rubuta haka. Alƙali ba ya faɗaɗa abin da mai haƙƙi ya sallama fiye da abin da ke takarda.

Na uku shi ne mai wuya: fuskar kanta da muryar, ba tare da wani fim ba. Dokar 2010 wasan da aka yi take karewa, an rubuta ta kafin wannan fasaha ta zo. Abokan aiki kan ɗauko sashe na 9 na kundin farar hula na Faransa, mai kare sirrin mutum da hotonsa. A lura, a 1970 aka saka shi, shekara goma bayan mun samu ƴancin kai, ba a ɗauko shi kai tsaye a ce namu ne. A can ɗin ma, kotun ƙolinsu ta yanke tun 1999 cewa wannan haƙƙi yana mutuwa da mai shi, magada sai dai su yi ƙara kan cutar da ta same su su kansu. Amma dokar fasaharsu ta bar wa magadan ɗan wasa ikon kare wasansa da sunansa bayan ransa.

A nan, ƙofar da iyali za su bi ita ce sashe na 1382 na kundin farar hula namu: wanda ya yi laifin da ya cutar da wani, ya biya. Su nuna laifin, su nuna cutar, su nuna wannan ne ya jawo wancan. Matar da ta ga mijinta da aka binne yana zagi ko soyayya a waya ba za ta sha wuyar nuna cuta ba. Kuma za su iya neman alƙalin gaggawa ya dakatar da fim ɗin kafin a shiga ainihin shari'a. Wannan ne ke karya furodusa, ba diyyar ba.

Ɗalibin Sinima:
Metir ranka ya daɗe, ni ban ga bambanci ba. Kullum ana yin fim kan sarakuna da shugabannin da suka rasu, wani ya sa rawani ya kwaikwaye su, ba mai neman izini. Kwamfuta kwalliya ce kawai da ta fi ta da kyau.

Metir:
Bambancin yana wurin ɗan kallo. In ka sa rawani ka kwaikwayi sarki, kowa na ganin fuskarka, ya san kai ne, in ka yi ƙarya a wuyanka take. In fuskar marigayi ce da muryarsa, ƙaryar a wuyansa take, shi kuma ba ya nan ya musanta. Sannan wanda kake kwaikwayo ba sana'arsa ka ɗauka ba. Ɗan wasa kuwa fuskarsa ce jarinsa, ita ake biya. Ka yi amfani da ita kyauta, ka ci abincin marayunsa, ka kuma hana mai rai aiki.

Dubi inda masu fim suka fi yawa. Jihar Kalifoniya tana kare suna da fuska da muryar mamaci shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma a 2024 ta ƙara doka ta musamman kan kwafin kwamfuta na ƴan wasan da suka rasu: sai da yardar magada, in ba haka ba diyya daga dala dubu goma zuwa sama. Niyok shekara 40 ta ba da. Yajin aikin ƴan wasan Amurka na 2023, kwana 118, wannan magana na cikin manyan dalilansa. Ingila kuwa ba ta da dokar haƙƙin fuska mai zaman kanta, amma hakan bai hana rigima ba: magadan Cushing sun yarda an biya su, sai ga wani kamfani na tsohon abokinsa ya kai ƙara a Landan, yana cewa marigayin ya yi masa alkawari a rubuce tun 1993 ba za a sake ƙera shi ba sai da yardarsa. Ke nan ko magada sun sa hannu, a binciki takardun da marigayi ya bari.

Malam (Lazare):
Bismillahi. Allah ya saka wa Metir da alheri. Bari in ɗora ta fuskar Shari'a, don gadon yawancinmu a kan al'ada da Musulunci ake raba shi ko a gaban alƙali.

Kuɗin da ake bin furodusa na wasan da marigayi ya riga ya yi, wannan dukiyarsa ce ba gardama. A fitar da na jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya iyakar sulusi, sauran a raba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ne da Shari'a ke karewa. To in an biya wani abu saboda amfani da tsohon wasansa, rabon gado zai bi. Mata suna da tumuni in akwai ƴaƴa, rubu'i in babu, namiji rabon mata biyu. Ba kuɗin babban wa ba ne da zai karɓa a bayan gida.

Amma mutunci ba a gadonsa don a sayar. Magada masu tsaronsa ne. Hadisi ya zo cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai, an kuma hana zagin matattu. Malamai sun fahimci cewa alfarmar mutum ba ta ƙarewa da fitar rai. Sa masa magana a baki wadda bai faɗa ba, in an bar mutane sun ɗauka shi ya faɗa, ƙarya ce aka jingina masa. Ko ƴaƴansa duka sun sa hannu, ba su da ikon halatta a sa shi rantsuwa, ko saki, ko batsa, ko tallar caca.

Akwai kuma abin da mu muka fi kowa sani. Mata nawa ne suka yi fim, suka yi aure suka bari, wasu har suna roƙon a daina yaɗa tsofaffin wasanninsu? Maza nawa ne suka daina rawa a ƙarshen rayuwarsu? Wanda ya bar abu da ransa, a dawo da shi cikinsa bayan ya kwanta dama, wannan zalunci ne ko da kuɗin ya kai nawa.

Hajiya Mai Shiri:
Allah gafarta Malam, to a misalina fa? Shi ya karɓi rawar, ya karanta labarin, ya yi kashi 16.

Malam:
Naki ya fi sauƙi, Hajiya. Aiki ne da ya ɗauka da yardarsa, ya san maganganun da zai faɗa, ƙila ma ya karɓi kuɗinsu. Kammala shi a kan rubutun da ya gani, da yardar magada, da sanar da ƴan kallo a fili, ban ga ƙarya a ciki ba. Abin da ban yarda da shi ba, a ga shirin ya karɓu a ce za a yi zango na biyu da shi. Wannan rubutun bai gani ba.

Kuma don Allah a kula da lokaci. Kada a shiga gidan makoki da takarda ranar sadakar uku ko ta bakwai. Matarsa tana takaba wata huɗu da kwana goma. In jadawalin tasha ba zai jira ba, a canja labari.

Ɗan Ader (Tawa):
Gaisuwa ga manya. Ni wagga magana ta Ɗalibi ta tuna min da mutumenmu na nan Tawa, marigayi Mustafa Alasan, da ya rasu 2015. Tun shekarun 1960 shina zanen hoto mai motsi. Da ya so yi wa masu mulki habaici, kwaɗi ya zana, ya naɗa musu shugaba, kowa ya gane, ba a ɗauki fuskar kowa ba. In ana son girmama ɗan wasan da ya rasu, mi ya hana a zana shi? Ɗan kallo ya san zane ne, ba wanda anka ruɗa. Izinin iyali dai shina nan, amma zancen ƙarya ya hita.

Tambayata ga Mai Montaj: tsohin ƴan wasanmu hwa, irin su Umaru Ganda da ya rasu 1981? Su ai sun tsira, tunda hotunansu sun tsuhwa.

Mai Montaj:
Akasin haka ne, Yaya. Su ne suka fi sauƙin ɗauka. Finafinan wancan zamani a kan fim na milimita 16 aka ɗauke su, in aka samu asalin aka wanke shi da na'urar zamani yana ba da hoto mai faɗin ɗigo dubu biyu, har ramukan fata ana gani. Waɗanda suka yi tashe a zamanin faifan VCD su ne na'ura ke wahala da su. VCD ɗigo 352 ne a 288. In mutum na tsaye daga ƙugu zuwa sama, fuskarsa ba ta wuce ɗigo 50 ko 60 ba, alhali ana son 256 zuwa sama. Marigayi Ahmad S. Nuhu da ya rasu a 2007, yawancin abin da ke hannun jama'a nasa irin wannan ne. Marigayi Ibro ya kai 2014, ya riski DVD mai 720 a 576, da ɗan dama.

Sai mutane su ce a ƙara wa hoton kaifi da manhaja. Nan ne ɓarnar take. Manhajar ba ta dawo da abin da ya ɓace, ƙirƙiro shi take daga fuskokin da ta koya, mafi yawansu kuma ba irin namu ba ne. Tana haska fata, ta sirance hanci, ta jera haƙora ta toshe wushirya. Tsagar gado kuwa, ta Gobirawa ko ta Arawa, datti take ɗaukarta ta goge. Ƴan kallo na nesa ba za su lura ba. Uwarsa za ta lura a daƙiƙar farko.

Baƙar fata tana da wata matsalar. In ba a haska ta da kyau ba wurin ɗauka, matsa bidiyo yana mayar da inuwar kumatu ta zama dabbare-dabbare masu kusurwa huɗu, na'ura kuma ta koye su a matsayin fata. Saboda haka Hajiya, kada a horar da ita da abin da aka sauke daga YouTube. A koma katin kyamara na asali, har da ɗaukar da aka yar.

Wuraren da aikin ke tonuwa: in ya juya gefe sosai, cikin baki da harshe, hawaye, gefen rawani ko hula inda ya taɓa goshi, da hannu in ya shafa fuska bayan addu'a. Wannan na ƙarshe sai an zana iyakar yatsu hoto bayan hoto. A cire shi daga wasan mai madadi tun farko.

Metir:
Ɗan Ader, misalin Ganda ya nuna yadda haƙƙoƙin ke warwatse. Fim ɗin da ya fara fito da shi, wanda Jean Rouch ya ɗauka a Abijan ya fito a 1958, kamfanin Faransa ne ya shirya shi. Izinin hoton yana Faris, iyali suna Nijar. Samun ɗaya bai wadatar da ɗayan ba.

Mai Sauti (Talaje):
Kowa na zancen fuska, alhali murya ce ke fara tona asiri, kuma ita ce ta fi sauƙin sata.

Kada a yi amfani da manhajar da ake rubuta mata magana ta karanta. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, na'ura ba ta san kukan yaro daga kukar miya ba sai ta yi caca. Tana kuma murƙushe ɓ, ɗ, ƙ da ts su koma b, d, k, s. Hanyar da ke aiki ita ce mutum mai rai ya faɗi maganar da karinta, na'ura ta canja amon muryar kawai. Ke nan mai madadin murya sai ya iya harshen marigayi. In Ba'adare ne, a samo Ba'adare. Bakano ya karanta, za a ji muryar marigayi tana Kananci, abin dariya a inda ake son kuka.

Ana bukatar minti 15 zuwa 30 na muryarsa tsantsa, ba kiɗa, ba amsa-kuwwar ɗaki, ba kukan gurup a baya. Tsofaffin finafinanmu kusan duk da kiɗa a ƙarƙashin magana. Akwai manhajar raba su, amma tana barin wani ƙarfe-ƙarfe a muryar, na'ura ta koye shi. Hirar rediyo ta fi fim amfani, sai dai ita ma mallakar gidan rediyon ce. A kuma tabbatar muryar tasa ce: a waƙoƙin fim mawaƙi ne ke rerawa, ɗan wasa baki kawai yake motsawa. Ka kwafi wannan, ka shiga haƙƙin mutum na huɗu, mai rai kuma.

Dariya, kuka, ihu da raɗa har yanzu suna fashewa. A ɗebo na gaske daga tsohon ɗauka a dasa.

Misali biyu sun isa a ga inda layin yake. Ɗan wasan Amurka James Earl Jones da ransa ya yarda wani kamfanin Yukren ya kwafi muryarsa, aka sanar a 2022, ya rasu a 2024, ba wanda ya ce an yi masa sata. Shi kuwa fim ɗin 2021 kan tarihin marigayi Anthony Bourdain, Ba'amurke mai shirin girki a talabijin, ƴan jimloli kaɗan aka ƙera da muryarsa, maganganun ma nasa ne da ya rubuta, amma da yake ba a gaya wa ƴan kallo ba, sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Hajiya Mai Shiri:
Metir, a taƙaice me zan riƙe a hannu kafin in kunna kwamfuta?

Metir:
Takardar zaman iyali da kotu ta tabbatar, mai jera magada duka da wanda suka wakilta. Ba a yin kontra da wanda ya fi kowa baki a gidan. In akwai yara ƙanana, mai kula da dukiyarsu ya sa hannu, rabonsu ya shiga inda za a iya nuna shi gobe. Maganar Malam kan takaba tana da amfani a kotu ma: yardar da aka karɓa cikin ruɗewa ko matsi ana iya rushe ta.

A cikin kontra a rubuta sunan shirin, lambar kowace fitowa, a liƙa rubutun maganganun shafi-shafi kowa ya sa hannu a gefe. A rubuta abin da aka hana: talla, siyasa, wa'azi, zango na gaba. Iyali su ga aikin kafin ya fita, da kwanakin da suke da su na cewa a gyara. Kuɗi kashi biyu, na hannu da kaso daga abin da shirin ya kawo, don kada a sayi abu mai tsada da kuɗin shinkafar sadaka.

Sai abin da aka fi mantawa: model ɗin da aka horar, wato abin da na'ura ta koya na fuskar marigayi da muryarsa. Fayil ne da ke shiga kile USB ɗaya, duk wanda ya samu zai iya sa marigayi ya faɗi komai. A rubuta wa ke riƙe da shi, a kwamfutar da ba ta kan intanet, da ranar da za a goge shi a gaban shaida. Kada a ɗora fuskar a shafukan da ke yin aikin kyauta, sharuɗɗan da yawansu na ba su damar ajiye abin da aka ɗora. Mai madadi shi ma fuskarsa da muryarsa bayanan sirrinsa ne, hukumar HAPDP mai kare bayanan sirrin mutane na da ta cewa, a karɓi yardarsa a rubuce, a sa sunansa a jerin ƴan wasa, don shi ya yi wasan.

Ga masu rai kuwa, a ƙara sakin layi ɗaya a kowace kontra daga yau: in na rasu ana cikin aiki, na yarda ko ban yarda ba a kammala da kwamfuta, ga wanda za a tambaya. Ɗan wasan Amurka Robin Williams, da ya rasu a 2014, ya bar takarda da ta hana amfani da kamanninsa shekara 25. Ba sai kana Amurka za ka rubuta irinta ba, noter, mai tabbatar da takardu a doka, na nan Yamai ya isa.

Ɗalibin Sinima:
In magada goma ne, tara sun yarda, ɗaya ya ƙi fa?

Metir:
In zancen kuɗi ne, alƙali na iya raba gardama. Amma wanda ya ƙi yana nan da ikon ƙara kan cutar da ta same shi shi kaɗai, sa hannun ƴan'uwansa bai ɗaure shi ba. Shawarata ga furodusa, a auna wane ne. Ɗan'uwa na nesa da ke neman ƙari daban, uwa ko mata daban.

Malam:
Nan na ɗan saɓa da Metir. A dukiya ana bin rabo, a mutunci ba a ƙuri'a. In ƴarsa ɗaya ta ce ba za ta iya ganin mahaifinta yana motsi a allo bayan ta ga an fita da shi ba, a bari, ko da rabonta ya fi na kowa ƙanƙanta. Kawar da cuta yana gaba da jawo amfani.

Metir:
A kotu ba lallai ta yi nasara ba, Malam. Amma ba zan ba furodusa shawarar ya gwada ba.

Ɗan Ader:
To sanarwar ga ƴan kallo, a farkon fim za a sa ta ko ƙarshe?

Mai Montaj:
Duka biyun, kuma ba su isa ba. YouTube tun 2024 yana tilasta wa mai ɗora bidiyo ya bayyana in an ƙera fuska ko muryar mutum ta yadda za a ɗauka gaske ce, amma wannan alamar a shafinsu take zaune. Da an yanko daƙiƙa 30 an tura WhatsApp, ta ɓace, sai a wayi gari ana cewa ga abin da marigayi ya faɗa kafin ya rasu. Wanda ya yaɗa yana iya faɗawa hannun dokar laifukan intanet ta 2019, amma sunan shirinku ne a jiki.

Don haka a ƙona rubutun cikin hoton kansa, duk tsawon fitowar, da Hausa da Faransanci. Kuma kada a sa shi a kusurwa. Masu yanka don TikTok suna mayar da hoto mai faɗin 1920 ya koma tsaye, abin da ke saura ɗigo 608 ne na tsakiya, gefe biyun duk sun tafi. A sa shi tsakiya, daidai ƙirjin mai magana, ƙasa da haɓa kaɗan, inda in an yanke shi sai an yanke fuskar. Mai Sauti, ku ma ku sa sanarwa da baki a farkon kashin, saboda masu kallon da ba sa karatu.